A Tambayi Mai Ƙwarya

Kai mai karatu, in sirrin gidan mutane ka zo nema, ajiye takardun nan ka kama gabanka. Ban tara su don nishaɗi ba. Na tara su ne don duk wanda Allah ya ɗora a kan wasu, ma'aikata ne ko iyali, yake kuma ganin kyakkyawar niyya ta ishe shi. Ba ta isa ba. Wasiƙu ne tsakanina da ɗana na fari, mai ƙaramin kamfanin yogot da kindirmo a unguwar Yalwawa, Dutse, da matarsa Mahbuba. Ni ina Jahun. Muna da waya kamar kowa, amma a gidana magana mai nauyi rubuta ta ake yi, don mutum ya ga abin da ya faɗa da idonsa kafin ya aika. Idirisu direba ke kai mana. Ba na kiran sunan ɗan fari, haka aka tashe ni, za ka ga sunan inda ya sa hannu. Sai da na nemi izininsu su biyu kafin na nuna wa kowa. In ka kai ƙarshe za ka gane dalili.

*

Jahun, farkon damina

Zuwa ga Maigidan Yalwawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Mahbuba da mutanen da ke ƙarƙashinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Na je asibiti, sun ce in daina tsuguno. Na ce to su riƙa zuwa suna yi mini tatsar. Ruwa ya sauka, kawunka Bubayero ya gama shuka, shanu sun fara murmurewa.

Na ji abin da Mahbuba ke ɗauke da shi. Allah ya raba lafiya. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Na kuma ji ka sayi sabon tankin sanyaya nono, ka ƙara ma'aikata. Madalla. An ce yanzu Oga suke kiranka, kai kuma kana amsawa. Ka amsa, amma kada sunan ya shiga kanka. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana kiwon shanun mutane haɗe da nasa. Garke ɗaya ne, sanda ɗaya ce, amma bai taɓa mance wacce ce tasa, wacce ce ta amana ba. Ni iya abin da na sani game da shugabanci ke nan. Yawancin abin da ke gabanka ba naka ba ne, tsaronsa aka ba ka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mahbuba ce ke bin Bernard direbanku kowace safiya zuwa rugagen da ke tsakaninmu da ku, ta zauna da mata, ta duba nono, ta sallame su hannu da hannu. Na san yadda hanyoyin nan suke komawa in ruwa ya zauna. Ka kula da yarinyar nan, kada ta wahala.

Na ba Idirisu man shanu da daddawa. Man nata ne, ba naka ba.

Mahaifiyarka

*

Yalwawa, Dutse

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya gwiwa? Ki ji maganar likita, ki bar wa yaran Kawu tatsar nan. Mu lafiya ƙalau. Man shanu ya iso, kuma na ɗan taɓa, ki yafe mini.

Inna, umarninki ya cika tun kafin takardar ta huce. Na zaunar da Mahbuba a gida. Ba sauran fita ruga, ba sauran girgizar mota. Da na yi mata bayani ta ce “to”, ba ta yi musu ba.

Na kuma yi amfani da damar na gyara tsarin gaba ɗaya. Kwanakin baya na halarci wani kwas na masu ƙananan masana'antu. Abin da ya fi zauna mini a ciki shi ne, shugaba na gari yana yanke hukunci da wuri, ya ɗauke wa mutanensa nauyin tunani. Sai na duba na ga bin mata ɗaya bayan ɗaya, bukka bukka, ɓata lokaci ne. Na je da kaina na sami Ardo, shugaban rugagen, da magidanta bayan sallar Juma'a. Sun karɓe ni hannu biyu, har da fura. Muka ƙulla cewa za a riƙa tara nono wuri guda, Bernard ya ɗauka, kuɗin kuma ya riƙa shiga asusun kowane maigida ta waya a ƙarshen wata. Ba wanda ya ce a'a. Ardo ma cewa ya yi na gaji mahaifina.

Kin ga an huta ke nan. Mahbuba ta huta, matan sun huta da ciniki, ni kuma na san da wa nake magana. Tankin nan yana buƙatar nono mai yawa kafin ya mai da abin da ya ci, ga shi damina ce, lokacin da ya fi dacewa.

Na san halinki, in abu bai yi miki ba ba kya kwana da shi. In ban ji daga gare ki ba, na san kin sa albarka.

Ɗanki,
Haisam

*

Yalwawa, tsakiyar damina

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. A waya kina amsa gaisuwata a taƙaice, in na tashi shiga magana ki ce in duba takarda. Ni kuwa ban ga wata takarda ba. Da farko na ɗauki shirun a matsayin yarda. Yanzu ban san me zan ɗauke shi ba.

Abubuwa sun rikice. Nono ya ragu, ya ƙara raguwa, yanzu Bernard da jarkoki kusan wayam yake dawowa. In ya tambaya sai matan su ce shanu ne ba sa bayarwa. A tsakiyar damina, Inna, ciyawa har gwiwa. Na koma wurin Ardo, ya ce in yi haƙuri, zai yi magana. Tanki yana shan wuta ba komai a cikinsa, masu shaguna sun fara karɓar kayan wasu, ma'aikata suna zaune suna kallona.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mahbuba ta tafi gidansu, Kafin Hausa. Ba mu yi faɗa ba, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce tana so ta ga mahaifiyarta, na kai ta tasha da kaina. Sai da na dawo hankalina ya kai ga cewa babban akwatinta ta ɗauka. In na kira tana ɗauka, ta tambayi ko na ci abinci, in na ce yaushe za ki dawo ta ce tana nan tukuna.

Na yi abin da kika ce. Na hutar da ita. Ban san laifina ba. Kamfanin in ya rushe zan sake wani, amma gidan nan ba ya zaunuwa ba ita.

Ɗanki,
Haisam

*

Jahun, washegarin kasuwa

Kai yaron nan,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai, ita ma yau ban ji ta ba saboda abin da ke raina. Na amsa wasiƙarka a makon da ta zo. Motar Idirisu ce ta lalace, aka ja ta gareji da takardata a cikin aljihun gaba, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Ya sha nasa faɗan. Saura kai. Kuma ka daina fassara shiruna. Ranar da na yarda da abu, zan rubuta na yarda.

Na ce ka kula da ita. A wane layi na ce ka zaunar da ita? Ɗauko takardata ta farko ka sake karantawa.

Jiya na shiga kasuwa, na tarar da matan rugagenku a jere, ƙorai cike har baki. Adda na tsakiyarsu, tsohuwar nan da ta fara ba ku nono tun kuna dafawa a tukunya. Na ce, “Adda, an ce shanunku sun ƙafe.” Ta ce, “Na ɗanki ne suka ƙafe, Hajiya. Namu ga su nan.” Na ce me ya yi zafi. Ta ce, “Ai ɗanki da Ardo ya ƙulla magana. Sai Ardo ya tsuguna ya tatso masa.” Matan suka yi ta dariya. Wata yarinya a gefe ta ce mijinta ya ga kuɗin nono a wayarsa ya sayi tayar babur, ita kuwa sai da ta roƙi gishiri a maƙwabta. Da dariyar ta lafa, Adda ta rage murya ta ce, “Ina 'yar mutuncin nan mai zama da mu a tabarma? Lafiya dai ko?”

A gidan wa ka tashi? Saniya ta maigida ce, ɗan maraƙi nasa ne. Abin da ya sauka a ƙwarya kuwa na matar ne, daga shi take cefane, take sutura, take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Mahaifinka da duk zafinsa bai taɓa leƙa ƙwaryata ba. Da nonon nan na saya maka takalmin makaranta. Ka je ka yi ciniki da waɗanda ba su da kayan, suka ji nauyinka suka ce to, ka dawo kana murna.

Abin da ka yi a ruga shi ka yi a ɗakinka. Aikin nan na Mahbuba ne, ita ta gina shi da ƙafarta. Ka ɗauke shi kamar kana ɗauke wa yaro wuƙa. Malaman kwas ɗinku sun ce ka ɗauke wa mutane nauyin tunani. Wanda ka ɗauke wa tunani, me ka bar masa? Sauri yana da kyau a kan abin da yake naka. A kan abin wani, ko da alheri ka nufa, sai ka tsaya ka tambaya. Kuma in mace ta ce maka “to” ba ta ƙara komai ba, ba a gama magana ba, ba a ma fara ba.

Na san don tausayi ka yi. Tun kana ƙarami haka kake, ka ɗauki ɗan tsako ka matse shi a ƙirji don kada ya ji sanyi. Shi ya sa ban yi fushin da ya kamata in yi ba.

Ka kwantar da hankalinka. Na kira mahaifinta mun gama magana. Ranar Juma'a kawunka Bubayero zai je biko, ya kawo maka matarka har gida.

Mahaifiyarka

*

Kafin Hausa

Inna,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ki. Ya jiki, ya gwiwa? Ni lafiya lau, na je awo, sun ce komai daidai. Man shanun da kika aiko na taho da ragowarsa, da shi nake cin tuwo. Allah ya saka da alheri.

Ban taɓa rubuta miki ba, kuma da kunya nake yi. Amma ke kika ce magana mai nauyi a rubuta ta.

Inna, ni ba yaji na yi ba. Ɗanki bai zage ni ba, bai hana ni komai na ci ko na sha ba. Zuwa na yi in zauna inda zan ji muryar kaina.

Ranar da abin ya faru na shirya kamar kullum, na yafa mayafi, na fito ƙofar gida. Sai na tarar mota ta tafi. Na tsaya ina kallon sawun taya. Daga baya ya fito yana murmushi ya ce ya yi mini albishir, daga yau na huta. Fuskarsa cike da jin daɗi, ya zan yi? Na ce to.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da ya tambaye ni, da ni da bakina zan ce masa hanyar ta fara yi mini nauyi. Na riga na fara fita da Cecilia, mai kula da ɗakin haɗa yogot, ina gabatar da ita ga matan, don ta riƙe mini rugage masu nisa har in sauka. Ina jira ne su saba da ita in kawo masa maganar. Matan nan ba jarka suke ba wa nono ba, mutum suke ba wa. Na san wadda ɗanta ke ciwo, na san wadda ke tara na auren 'yarta. Ko sallama ban yi da su ba.

Jiya kuma Baba ya kira ni ya ce Kawu Bubayero zai zo Juma'a, an gama magana. Inna, ki gafarce ni. Shi ya yanke a kaina don yana tausayina. Ke da Baba kun yanke a kaina don kuna son gidana ya tsaya. Kowa alheri yake nufi, kuma har yau ba wanda ya ce, Mahbuba, ke me kika gani?

In Kawu ya zo zan bi shi, ba zan kunyata ki ba. Amma zan koma ne kamar jarkar da aka ɗora a bayan mota. Ina son in koma da ƙafata, don ina son gidana, ina kuma son mai gidan.

'Yarki,
Mahbuba

*

Jahun

Maigidan Yalwawa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kai ma haka. Na dakatar da kawunka. Ya ji haushi, don har ya ba da babbar rigarsa guga.

Mahbuba ta rubuto mini. Ba zan nuna maka ba, takardar tata ce. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Yarinyar nan ta fi mu hankali, ni da kai.

Ka tafi Kafin Hausa kai kaɗai. Kada ka tafi da shawara a aljihu, kada ka tafi da rarrashi. Ka gaida iyayenta, ka zauna, ka tambaye ta me take so. Sannan ka rufe bakinka har ta gama, ko da za a kira sallah a sake kira. In ta ce ba yau ba, ka dawo kai kaɗai.

Mahaifiyarka

*

Yalwawa, ƙarshen damina

Inna,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ki, ni da Mahbuba. Ga ta nan kusa da ni tana cewa in tambayi gwiwa. Lafiyarta ƙalau, sai nauyin jiki.

Na je kamar yadda kika ce. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, “Wa ya koya maka?” Na ce Inna. Ta ce, “To bari in gama shinkafata.” Ban taɓa ganin shinkafar da ta daɗe kamar wannan ba. Da ta fara magana kuwa, sau da yawa amsa ta zo mini har leɓe, na haɗiye. Ba ta biyo ni ranar ba. Ta zo da kanta ranar da ta zaɓa, ina ofis aka ce mini ana nemana a gida, na tarar da hayaƙi na tashi a kicin.

Ga abin da ta tsara. Ita za ta riƙa zuwa rugagen bakin kwalta in jikinta ya yarda, Cecilia ta riƙe masu nisa, kowace mace kuma a sallame ta a hannunta kamar da. Ta ce sai na bi ta na ba matan haƙuri da bakina. Na fara da Ardo. Ya yi dariya ya ce dama sun san ba za ta yiwu ba, kunyata suka ji. Adda kuwa ƙwarya ta miƙo mini ta ce, “Oga, tunda kai ne mai nono, bismilla.” Na tsuguna. Saniyar ta juyo ta kalle ni, ta matsa gaba abinta. Har Bernard sai da ya riƙe mota don dariya. Daga nan Adda ta ce a kawo jarka.

Ba duka suka dawo ba. Wasu sun riga sun yi alkawari da masu saye a kasuwa, sun ce ba za su saɓa ba, ban kuma ga laifinsu ba. Tanki bai cika ba, amma yana aiki. Na tara ma'aikata na tambaye su game da lokacin aikin da na canza musu kwanaki. Inna, ashe su ma “to” ɗin nan suka ce mini.

Ɗanki,
Haisam

*

Jahun, gero ya fara nuna

Zuwa gare ku ku biyu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Na bar wa yaran kawunku tatsa, ba don likita ya faɗa ba, don na ga dama. Mahbuba, ki rage hawa mota a kan ramuka, shawara ce ba umarni ba. Na ba Idirisu zuma. Ya rantse wannan karon a aljihun rigarsa zai sa takardar.

Kai kuma, kada ka ɗauka ka gama koyo don saniya ta kunyata ka sau ɗaya. Za a ci gaba da kiranka Oga. Akwai ranar da hukunci zai zama naka kai kaɗai, ranar ka yanke, kada ka yi shakka. Amma kafin ka yanke kowane abu, ka fara duba na waye. Wanda bai iya wannan a ɗakinsa ba, ba zai iya a kamfani ba, mutum ɗaya ne yake fita daga wannan ƙofa ya shiga waccan.

'Yata, na yi niyyar in aiko a ɗauko ki ki zo nan ki haihu a gabana, har na sa an share ɗaki. Mahaifiyarki ma na san tana da nata shirin. Na ajiye tsintsiyar. Ɗakin yana nan. Ke me kika gani?

Ga dokar da na kafa, ta hau kan kowa a zuri'ar nan, da mai gemu da mai ɗankwali, da ni da na kafa ta. Daga yau ba a yanke magana a kan aikin mutum, ko kayansa, ko inda zai kwana, sai yana zaune a wurin, an tambaye shi, an kuma jira ya gama amsawa. Wanda ya ce “to” kawai, a sake tambayarsa.

Mahaifiyarku